ALLI DA ALLO: Kalmomi Uku Masu Tace Surutun Intanet

Na yi niyyar a watan nan in ci gaba da maganar shirin jarrabawar yaranmu, amma na jingine ta tukuna, domin akwai wani kuskure da na tafka wanda ya daɗe yana cina a rai, kuma na ga gara in faɗe shi don wani ya tsira daga irinsa.

A bara, a zangon karatu na biyu, wata yarinya a makarantar da nake koyarwa a nan Kumasi ta yi amai jim kaɗan bayan an ci abincin rana, ran wata Alhamis. Aka sa ta a tasi aka kai ta asibiti, aka auna jini, aka tarar zazzaɓin cizon sauro ne. Mu a wurinmu magana ta ƙare. Ashe wani mai wucewa ya ɗauki hoton lokacin da ake sa ta a mota, ya ɗora a intanet da dare, ya rubuta da Turanci cewa yara sun ci guba a wata makarantar zango. Washegari Juma'a wani uba ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, me nake ji game da abincin yaran nan?" Na ce masa ban ji komai ba, amma zan duba. Na ciro waya na rubuta zango, makaranta, guba a akwatin nema. Ba abin da ya fito sai tarkace. Na je na gaya wa hedimasta cewa ya kwantar da hankalinsa, babu wata magana a waje.

Ran Litinin, cikin yara 42 da ke ajina 19 suka zo. Hoton ya kwana uku yana yawo, ya tashi daga rubutu ya koma saƙon murya, yarinya ɗaya ta zama goma, har an ce biyu sun mutu. Matar da ke dafa abincin, wadda da wannan sana'a take riƙe da marayunta, sai da ta yi mako guda ba ta iya fita kasuwa ba saboda nuni da baki. Da mun ga rubutun nan tun ran Juma'a, da sanarwa ɗaya daga hedimasta da uban yarinyar ta kashe wutar.

Wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake jami'a, shi ya nuna mini inda na kuskure. Ya karɓi wayar ya ce, "Malam, ai kai ka rubuta zango, shi kuwa mai hoton zongo ya rubuta. Ka rubuta guba, shi da Turanci ya faɗa. Abin da ka tambaya shi aka ba ka." Cikin minti biyu ya fito da rubutun. Na ce, "To ɗana, yau kai ne malam, ja kujera." Abin da ya koya mini ran nan, da abin da na ƙara karantawa daga baya, shi zan shimfiɗa muku yau.

Dabarar tana da suna, ana kiranta nema irin na Boole, kuma abin da ya faranta mini rai shi ne mai sunan malamin makaranta ne irina. An haifi George Boole a garin Lincoln na Ingila a 1815. Ubansa mai ɗinkin takalma ne. Yana da shekara 16 ya fara koyarwa don ya tallafi iyayensa, yana da 19 ya buɗe makarantarsa ta kansa, kuma bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba. Duk da haka a 1849 aka naɗa shi farfesan lissafi a kwalejin Cork da ke Ailan, a 1854 kuma ya fitar da littafinsa kan ƙa'idojin tunani, inda ya nuna cewa ana iya sarrafa gaskiya da ƙarya kamar yadda ake sarrafa lambobi. Ya rasu a 1864 bayan ruwan sama ya jiƙa shi a hanyar zuwa aji, ya kuma tsaya ya koyar da jiƙaƙƙun tufafi. Sai a 1937 wani ɗalibi a Amurka, Claude Shannon, ya gano cewa lissafin Boole ya dace da makunnan lantarki, masu kunnuwa da mutuwa. Daga nan aka samu harsashin kwamfuta da wayar da ke aljihunka.

Abin da ya shafe mu a cikin aikinsa kalmomi uku ne kacal, kuma da Turanci ake rubuta su domin da shi na'urar ta san su: AND, watau da, OR, watau ko, NOT, watau banda. Duk wanda ya yi ƙaramar sakandare ya taɓa ganinsu, sai dai ba a gaya masa amfaninsu ba. Ku tuna da'ira biyun nan da muke zanawa a allo, masu shiga juna, mu ce wannan ta masu son ƙwallo ce, waccan ta masu son gudu. To su ne.

Mu fara da AND. A nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin a maganarmu ta yau da kullum kalmar da ƙari take yi. In ka aiki yaro ya sayo shinkafa da wake, kaya biyu zai kawo. A wurin nema kuwa ragewa take yi. Ka ɗauka ka ce wa yaron ya nuna maka masu sayar da shinkafa da wake duka biyu a tebur guda. Mai shinkafa kaɗai ta fita, mai wake kaɗai ta fita, sai 'yan kaɗan suka rage. Watau ɗan wurin nan na tsakiya inda da'ira biyu suka haɗu. Kowace kalma ka ƙara, sai ƙofa ta ƙara tsukewa. A Google da kuma X, wanda aka sani da Twitter kafin 2023, ba sai ka rubuta AND ba, filin da ka bari tsakanin kalma da kalma shi ne AND ɗin. Kun ga abin da ya same ni ke nan: na jera kalmomi uku, na ce sai rubutun da ya ƙunshi duka ukun da irin rubutuna, alhali babu shi.

Sai OR, wadda ita ce ta fi yi mana amfani, mu Hausawan Gana. Ita faɗaɗawa take yi: ko wannan, ko wancan, ko duka biyu. Dalilin da ya sa na ce ta fi yi mana amfani shi ne, mafi yawanmu ba mu koyi rubuta Hausar boko a makaranta ba, kowa da yadda yake rubuta kalma gwargwadon yadda kunnensa ya ji ta da kuma yadda Turanci ya saba masa. Zango a wurin wani zongo ne. Wake da shinkafa ya zama waakye a allon masu abinci. Ƙosai ya zama koose, tuwon zafi ya zama tuo zaafi, wasu ma TZ kawai suke sawa. Ga kuma haruffan nan masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda yawancin masu waya ba sa sa su, na'ura kuwa sau da yawa tana ɗaukar ƙasa da kasa a matsayin kalmomi biyu daban. Saboda haka kafin ka taɓa waya, ɗauki takarda ka jera duk yadda mutane za su iya rubuta abin da kake nema, da Hausa, da Turanci, da Tuwi in ya kama, har da kuskuren rubutu da aka saba yi. Sannan ka haɗa su: zango OR zongo OR zongos. A kula, dole a rubuta OR da manyan baƙaƙe, in ba haka ba za a ɗauke ta kalma ce kamar sauran.

To amma da ka buɗe ƙofa haka, baƙin da ba ka gayyata ba za su shigo. Nemi zango ka gani. Za ka samu zangon karatu, za ka samu Zangon Kataf na jihar Kaduna, za ka samu labaran ɗan wasan finafinan Hausa Adam A. Zango. Nemi zongo, za ka samu mutanen Burkina Faso masu wannan suna, irin su ɗan jarida Norbert Zongo da aka kashe a 1998, da wani gari a Kwango. A nan ne kalma ta uku ke shigowa. A Google da X ba a rubuta NOT, alamar ɗebewa ake sawa a manne da kalmar ba tare da fili ba, kamar haka: zango -Kataf -Adam. Amma ina jan kunne, wuƙa ce mai kaifi. Ran da ka cire Adam, ka cire har labarin wani yaro mai suna Adam da ya ɓace a unguwarku. Kada ka cire kalma sai ka ga da idonka tana cika maka shafi, kuma ka riƙa komawa lokaci lokaci kana nema ba tare da cirewar ba don ka ga abin da kake zubarwa.

Sunayen garuruwanmu da unguwanninmu ma suna da nasu rikicin. Wanda ya nemi Nima ta Akra zai sha mamaki, domin dubban Hausawa suna haɗe ni ma su rubuta nima. Madina za ta kai ka Saudiyya. Tudu za ta kai ka kowane tudu. Wa, babban birnin jihar Yamma ta Sama, kalma ce da ke cikin kusan kowace jimlar Hausa. Tamale kuma sunan wani abinci ne na mutanen Meziko. Tsofaffinmu suna kiran Akra da Ankara, amma wanda ya rubuta haka zai tsinci kansa a Turkiyya ko a shagon atamfa. Maganin wannan ba cirewa ba ne, ƙarawa ne: ka haɗa sunan da wata kalma da ke tafiya da shi, kamar Nima da Maamobi, ko Nima da Accra, da irin rubutun da ke kan taswira.

Akwai wasu kayan aiki biyu da ke taimaka wa kalmomin nan uku. Na farko alamun buɗe magana da rufe ta. In ka sa kalmomi a tsakaninsu, kamar "Sabon Zongo", za a kawo maka su a jere yadda ka rubuta, ba sabon a farkon rubutu zongo a ƙarshensa ba. Na biyu baka biyu, irin na lissafi. Kowane ɗan aji shida ya san 2 + 3 × 4 yana ba da 14, amma (2 + 3) × 4 yana ba da 20. Haka abin yake a nan: in ka cakuɗa OR da AND babu baka, na'ura za ta iya haɗa su yadda ba ka nufa ba.

Bari in yi muku shifta, kamar a aji, ta abin da ya kamata in rubuta ran Juma'ar nan a akwatin nema na X. Buɗe baka, rubuta zango OR zongo, rufe baka. Bar fili. Sake buɗe baka, rubuta makaranta OR school, rufe baka. Bar fili. Buɗe baka na uku, rubuta guba OR poison OR poisoning OR asibiti OR hospital, rufe baka. Ma'anarsa ita ce: kawo mini duk rubutun da ya ambaci unguwa ta kowace siga, ya kuma ambaci makaranta ta kowace siga, ya kuma ambaci ɗaya daga cikin kalmomin tashin hankalin nan. In kana son ka taƙaita kwanaki, X yana karɓar since: da until: tare da kwanan wata, shekara a gaba, sai wata, sai rana. Alal misali since:2024-12-01 until:2024-12-08 zai tsare ka a makon zaɓen 7 ga Disamba 2024. Bayan sakamako ya fito, ka danna sashen da ke jera sababbin rubuce-rubuce, domin sashen farko waɗanda suka yi tashe yake nunawa, kai kuwa so kake ka kama magana tun ba ta yi tashe ba.

Wata dabara kuma ga mai son rubutun Hausa zalla: kada ka dogara ga na'ura ta gane harshen da kanta, domin ba ta cika gane Hausa ba. Ka ƙara ƙananan kalmomin da Bahaushe ba ya iya magana babu su, irin su kuma, amma, wallahi, yanzu, ka haɗa su da OR a cikin baka. Masu binciken da suka tara saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka a aikin da aka sa wa suna NaijaSenti, wanda ya fito a 2022, sun yi amfani da irin waɗannan ƙananan kalmomi wajen tattara su.

Kada wani ya zaci wannan sauraro baƙon abu ne a ƙasar nan. A zaɓen 2012 ƙungiyar Penplusbytes ta kafa cibiyar bibiyar kafafen sada zumunta, inda matasa suka zauna dare da rana suna tace abin da jama'a ke rubutawa da wata manhaja mai suna Aggie da aka ƙera a jami'ar Georgia Tech ta Amurka, suna miƙa rahoton matsala ga hukumar zaɓe da jami'an tsaro. Manyan kamfanoni kuwa kuɗi suke biya wa irin su Brandwatch da Meltwater don su ji abin da ake faɗa game da hajarsu, kuma a can ma da kalmomin nan uku ake gina tambayar. Bambancinmu da su girman taru ne kawai.

Yanzu sai in faɗi iyakar abin, don kada in sayar muku da magani in ɓoye sharaɗinsa. Akwatin nema na Facebook ba ya bin waɗannan ƙa'idoji yadda X ke bi. Abin da za ka iya yi shi ne ka je Google ka rubuta site:facebook.com sannan tambayarka, amma shafukan da ke buɗe ga kowa kaɗai zai leƙa, su ma ba duka ba. Kamfanin Meta yana da wata manhaja mai suna CrowdTangle wadda 'yan jarida suka dogara da ita, amma ya rufe ta a Agustan 2024. A TikTok magana a baki take, abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoto ne ya fi saurin kamuwa. WhatsApp kuwa, wanda nan ne ainihin dandalin mutanenmu, tun 2016 saƙonninsa a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa, ba mai iya bincika su daga waje, kuma saƙon muryar da gwaggo ta tura wa ƙawayenta babu kalmar nema da za ta kamo shi. Don haka in ka nema ba ka samu ba, kada ka yi irin tawa ka ce babu magana. Ka ce ban gani ba a inda na duba, sannan ka tambayi mai koko da mai aski da direban tasi. Haka kuma masu rubutu a X ba su ne dukan jama'a ba, mutum biyar masu zafin hannu suna iya cika shafi har ka zaci gari ne ya tashi.

To in ka samu, sai me? Mu a makarantarmu ga tsarin da muka ɗauka. Mun rubuta tambayoyi uku a bayan wani littafi: ɗaya kan sunan makaranta da unguwa, ɗaya kan rashin lafiya, ɗaya kan ɓatan yara. Malamai biyu ne ke karɓa karɓa, minti goma da safe, minti goma bayan an tashi. Mun kuma sa sunan unguwar a Google Alerts, wanda kyauta ne, yana aiko da wasiƙa in sunan ya fito a shafukan labarai. In an ga wani abu, ana rubuta rana da lokaci da inda aka gan shi, a ɗauki hotonsa, a kai wa hedimasta. Ba a turawa gaba, ko da da niyyar tambaya ne, domin mai tura ƙarya yana tambaya ko gaskiya ce ya riga ya ƙara mata ƙafa. In magana ta shafi unguwa baki ɗaya, sai a sanar da sarkin zango da shugabannin iyaye, su yi magana da bakin da jama'a suka yarda da shi. In ta fi ƙarfinmu, akwai masu tantance labarai irin su Dubawa da GhanaFact. A kuma tuna cewa sashe na 208 na dokar laifuffuka ta 1960 ya haramta yaɗa labarin ƙarya mai jefa jama'a cikin tsoro.

Kada a raina wannan aiki. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shiga Nijeriya, saƙo ya bazu a wayoyi cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum. Mutane suka tashi da asuba suka yi, aƙalla biyu suka mutu, wasu da dama suka kwanta a asibiti. Jita-jita takan yi ɓarnarta ne a 'yan sa'o'in farko, kafin masu gaskiya su farka.

Jan kunne na ƙarshe shi ne wanda ya fi muhimmanci. Wannan dabara ta sauraron abin da ake faɗa a fili ce game da wuri ko lamari, ba ta bin diddigin mutum ba. Da kalmomin nan uku ana iya bibiyar 'yar maƙwabci, ko matar da aka saka, ko ɗalibin da ya yi wa malami rashin kunya. Wannan leƙen asiri ne, kuma ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012. Mun yi wa kanmu ƙa'ida: ba a sa sunan ɗalibi ko na iyayensa a akwatin nema. Ina roƙon kowane kwamitin unguwa ko ƙungiyar matasa da za ta ɗauki wannan aiki ta fara rubuta irin wannan ƙa'ida kafin ta rubuta tambayar farko.

Matar nan mai abinci ta dawo aiki, yarinyar ma ta warke, yanzu tana aji na gaba. Na je har gida na ba matar haƙuri, na ce mata, "Hajiya, laifina ne da ban gani da wuri ba." Ta ce, "Malam, ai ba kai ka ɗauki hoton ba." Gaskiya ne, amma ni aka tambaya, ni kuma na ce babu komai. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, sai dai kunnen yau yana bukatar a koya masa yadda zai ji.

Ga aikin gida, tunda malami ba ya tashi bai bayar ba. Kowa ya ɗauki sunan unguwarsa, ya jera duk yadda ake rubuta shi, ya haɗa da OR, ya ga abin da zai fito. Wanda ya gamu da wani rikicin suna irin na Nima da nima, ya rubuto mana ta ofishin edita, za mu buga a wannan fili don kowa ya ƙaru. Sai wata mai zuwa, inda za mu koma kan maganar jarrabawa.